Yadda Gari Zai Girmama Tsofaffin Sojojinsa Tun Suna da Rai

A ranar 15 ga watan Janairun kowace shekara Nijeriya take bikin tunawa da 'yan mazan jiya, inda shugaban ƙasa yake ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru, gwamnoni kuma su yi makamancin haka a Kano da Dutse da sauran manyan biranen jihohi. Sai dai mafi yawan mutanen da ake yin bikin dominsu ba sa kusa da waɗannan filaye. Suna can cikin ƙauyukan Gaya da Rano da Ɗambatta, ko na Gumel da Kafin Hausa da Birnin Kudu, suna zaune a zaure ko a kan dakalin ƙofar gida, kuma da yawa daga cikin yaran da suke gaishe su safe da yamma ba su san cewa tsohon nan ya taɓa ƙetare Kogin Kwara harsashi yana zuba ba. An rubuta wannan jagora ne domin masu unguwanni da dagatai da limamai da malaman makaranta da ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda suke son sauke wannan nauyi da abin da yake hannunsu, ba tare da jiran wani ya zo daga birni ba.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya nuna cewa lamarin ba na jinkiri ba ne. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 aka kai shi ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu, yau ya kai shekara 100 idan Allah ya bar shi da rai. Wanda ya shiga a 1967 da aka fara yaƙin basasa ya haura 75, su kuwa waɗanda suka je Laberiya a 1990 furfura ta riga ta kama su, kuma mafi yawansu sun ajiye kaki. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a fara da mai rai da buƙatun jikinsa, a bi da takardunsa, sannan a ɗauki labarinsa, taro da jawabai su zo daga ƙarshe. Garin da ya fara da kafa rumfa da hayar lasifika, alhali tsohon da za a yaba ya kwana a ɗakin da yake yoyo, ya juya al'amarin ne a baibai.

A fara da sanin ko su wane ne

Aikin yana buƙatar ɗan ƙaramin kwamiti, wanda bai kamata ya wuce mutum bakwai ba. A sa tsohon soja ɗaya mai sauran ƙarfi, ko ɗan tsohon soja wanda ya tashi a bariki, domin shi ne zai gane bambancin bataliya da birged, kuma shi ne tsofaffin za su fi sakin jiki da shi. A sa malamin makaranta mai kyakkyawan rubutu, da wakilin liman, da mutumin da gari ya yarda da amanarsa don riƙon kuɗi da hatsi. Lallai ne kuma a sa mace mai mutunci, kamar malamar Islamiyya ko ungozomar gari, domin rabin labarin yana cikin gida wurin matan sojojin da waɗanda mazajensu suka rasu, kuma namiji baƙo ba zai shiga can ba. Kafin a taka ko'ina a je wurin dagaci a yi masa bayani, shi kuma ya sanar da hakimi, sannan a roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, don kada mutane su ga ana rubuta sunaye su ɗauka rabon kuɗin gwamnati ne ya zo.

A sayi littafi mai kaurin bango, a ware wa kowane mutum shafi guda. A rubuta sunan yankansa da na mahaifinsa da unguwarsa, sannan lambar sojansa, da muƙamin da ya bar aiki da shi, ko farabiti ne ko kofur ko saje ko samanja ko hafsa, da bataliyar da ya zauna, da shekarar shiga da ta sallama, da wuraren da aka kai shi. A ƙara da ko yana karɓar fansho, da wanda yake kula da shi a gida. Idan aka yi shakkar wani, ba sai an tozarta shi ba. A tambaye shi lambarsa kawai, domin tsohon soja yakan manta abubuwa da yawa, amma da wuya ya manta lambar da ya yi shekaru yana amsawa da ita a fareti.

Akwai wani gurbi da ya kamata a ba shi kulawa ta musamman, wato sunan da aka rubuta wa mutum a soja. A zamanin Turawa, har ma bayan samun 'yancin kai, an saba rubuta kurtu da sunansa da sunan garin da ya ce ya fito, ko garin da aka ɗauke shi, sai ka ga mutumin wani ƙauye a ƙasar Ringim an rubuta shi wane Kano, na ƙasar Auyo kuma wane Haɗeja. Akawun da ya rubuta sunan ma sau da yawa ba Bahaushe ba ne, ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Idan ba a adana wannan suna na soja ba, jikoki za su nemi kakansu a takardun hukuma da sunan da gari ya san shi da shi, su rasa shi har abada.

Masu rubutun su san zangon yaƙe-yaƙen, domin su san irin tambayar da za su yi wa kowane gida. Mafi tsufa su ne na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suke kira yaƙin Hitila. Wasunsu sun yi yaƙi da sojojin Italiya a Gabashin Afirka a 1941, suka shiga Mogadishu suka wuce Habasha, wasu kuma aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har da karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. An ɗebi da yawa daga cikinsu ne ta hannun sarakuna da hakimai, kuma Hausa ce harshen da rundunar Nijeriya take aiki da shi a lokacin. Bayan su sai waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Barikin Bukavu da ke Kano sunan wani gari ne na gabashin Kwango ya ci, kamar yadda barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa daga yaƙin Bama. Mafi yawa a ƙauyukanmu su ne na yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, lokacin da rundunar sojan ƙasar ta kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, aka riƙa ɗibar samari daga gona da kasuwa ana ba su horo na ɗan gajeren lokaci ana tura su fagen daga. Sannan akwai na Labanan daga 1978, da na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, da na Darfur, da waɗanda suka yi yaƙi da Boko Haram a Arewa maso Gabas, da waɗanda suke fama da 'yan bindiga a Arewa maso Yamma har yanzu.

Littafin na kowa ne. Musulmi da Kirista da Bamaguje duk a rubuta su, haka nan baƙon da ya yi ritaya ya zauna a garin, da direba da mai dafa abinci da ma'aikacin jinya da ɗan dakon da ya ɗauki kayan yaƙi a kansa, da sojan sama da na ruwa.

Ziyara da abin da jiki yake buƙata

Ziyarar farko ba ta tambayoyi ba ce, ta gaisuwa ce. A je mutum biyu ko uku da hantsi ko bayan la'asar, a yi sallama, a durƙusa a gaishe shi yadda ake gaida uba, a kira shi da sunan da yake jin daɗi, Baba Saje ko Baba Kofur ko Malam wane. Ana iya cewa, "Baba, dagaci ne ya aiko mu mu gaishe ka, mu kuma shaida maka cewa gari bai manta da wahalar da ka sha ba." Daga nan a bar shi ya yi magana, masu ziyara kuma su buɗe ido. Su duba rufin ɗakin da katangar da damina ta ci, su lura ko yana da bargo da rigar sanyi tunda bikin yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, su lura ko yana gani sosai, ko yana ji, ko akwai tsohon rauni da yake damunsa, ko banɗakin gidan yana da nisa ga mai dogara sanda. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin horon soja ba kasafai yake buɗe baki ya ce ba shi da abinci ba, saboda haka gaskiyar rumbu a wurin uwargida ake jin ta, kuma aikin macen da take cikin kwamiti ke nan.

Taimakon da ya fi ɗorewa a karkara shi ne wanda ya bi yanayin shekara. Da kaka, lokacin da gero da dawa suka shigo gida, kowane magidanci mai hali ya ba da kwano ɗaya ko biyu, manyan manoma su ba da dami, a tara a wuri ɗaya a rubuta, a ajiye wani kaso har zuwa tsakiyar damina lokacin da rumbuna suke yin ƙasa kuma hatsi yake tsada. Da bazara samari su yi gayyar yaɓe da gyaran rufi kafin ruwa ya sauka, da damina kuma a yi wa tsohon gayyar noma a gonarsa idan 'ya'yansa sun yi nisa. Wanda ya cancanci zakka a cikinsu a miƙa sunansa ga kwamitin zakka na gunduma ko na masarauta, amma liman ne zai tantance wannan, domin zama tsohon soja shi kaɗai ba ya sa mutum cikin masu cin zakka, talauci ko bashi ne yake sa shi.

Yadda aka ba da abu ya kai abin da aka bayar muhimmanci. A kai hatsi gida da dare ko ta hannun babban ɗansa, kada a tsayar da dattijo a gaban jama'a riƙe da buhu ana ɗaukarsa hoto. Wannan ɗabi'a ta yaɗu a zamanin nan, kuma ni a ganina cin fuska ce ga mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa.

Game da lafiya, abin da ya fi yawa shi ne hawan jini da ciwon suga da yanar ido da ciwon gaɓoɓi da raunin ji. A shirya da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ya riƙa auna musu jini lokaci-lokaci, a kuma tanadi ɗan kuɗin mota don kai wanda ciwonsa ya fi ƙarfin nan zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙashi na Dala, ko na Rashid Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Aikin yanar ido ba ya ɗaukar lokaci, kuma yakan mayar wa tsoho da karatun Alƙur'aninsa da zuwansa masallaci da ƙafarsa. Masu karɓar fanshon soja suna da tsarin inshorar lafiya ƙarƙashin DHML, kamfanin da yake kula da inshorar lafiyar sojoji, don haka a bincika ko tsohon ya yi rajista, da asibitin da aka haɗa shi da shi.

Akwai kuma ciwon da ba ya nuna jini. Wasu tsofaffin sojoji suna firgita cikin barci, wasu ƙarar fashewar taya ko bindigar hawan Sallah takan tayar musu da hankali, wasu suna da saurin fushi ko son kaɗaici, har yara su riƙa tsokanarsu ana cewa kansu da motsi. Wannan tabo ne na abin da ido ya gani, kuma likitoci sun san shi, suna da maganinsa. Masu unguwanni su tsawata wa yara, iyali kuma a ba su shawara cikin sirri su kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure idan abin ya tsananta, tare da addu'a.

Takardu da fansho

A nan ne ɗan boko ɗaya mai gaskiya zai yi wa tsoho abin da buhu goma ba za su yi ba. A nemi izininsa a ga takardar sallamarsa da katin shaidarsa da duk wata takardar fansho, a yi musu hoto da waya, a kuma buga kwafi biyu a shagon kwamfuta. Na asalin a sa su cikin leda mai kauri, a ajiye a akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da danshi. Kada a manne takardar asali da roba mai zafi, domin yin haka yakan ɓata tsohuwar takarda, kuma wasu ofisoshi ba sa karɓar ta. Takardar asali ba ta kwana a hannun kowa sai mai ita.

Hukumar Fansho ta Soja da ke Abuja ce take biyan fanshon, kuma takan yi aikin tantancewa don tabbatar da waɗanda suke raye. Tsohon da yake ƙauye ba ya jin sanarwa da wuri, kuma wanda tantancewa ta wuce shi kuɗinsa yana iya tsayawa, saboda haka a ɗora wa mutum ɗaya a kwamiti alhakin bibiyar sanarwa a rediyo da kuma ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wato Nigerian Legion, wadda take da reshe a Kano da Dutse. Matsalar da ta fi yawa ita ce saɓanin suna ko na ranar haihuwa tsakanin takardar soja da asusun banki da lambar BVN da ta NIN. Gyaran yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu da zirga-zirga, don haka a haɗa tsohon da matashi mai haƙuri da zai raka shi har a gama. A gargaɗi iyali kada su ba kowa katin cirar kuɗi da lambar sirri, kada kuma su biya wanda ya zo da alkawarin fito da tsohon bashi idan an ba shi wani kaso.

Dole ne kuma a faɗa wa mutane gaskiya: da yawa daga cikin sojojin yaƙin basasa an sallame su kafin su cika shekarun da doka ta gindaya don samun fansho, haka nan sojojin Afirka na Yaƙin Duniya na Biyu an biya su kuɗin sallama ƙasa da na Turawan da suke muƙami ɗaya da su. Kwamitin ƙauye ba shi da ikon gyara wannan, kuma kada ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Abin da zai iya shi ne ya rubuta koke mai tsabta da sunaye da lambobi, ya bi da shi ta hannun hakimi da ƙungiyar tsofaffin sojoji da ɗan majalisar tarayya na mazaɓar, ya kuma sa irin waɗannan tsofaffi a sahun gaba wajen rabon hatsi, tunda ba su da wani abin da yake shigo musu a ƙarshen wata.

Ɗaukar labari daga bakin mai shi

Bayan an saba, sai a nemi izinin ɗaukar muryarsa. Wayar hannu ta isa. A rufe layinta don kada kira ya katse, a zauna a cikin zaure nesa da injin niƙa da hayaniyar yara, a ajiye wayar kusa da bakinsa, a fara da faɗin ranar da wurin da sunan mai magana. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda, gara a dawo sau uku da a gajiyar da shi a yini ɗaya.

Kada a fara da fagen daga. A tambaye shi yadda garin yake lokacin da ya tafi, wane ne dagaci a lokacin, me ya sa ya shiga, ko mahaifiyarsa ta sani, a ina aka ba shi horo, ko a Difo na Zariya ne ko wani wuri, yaya ya ji ranar da ya fara ganin teku, me suke ci, yaya suke sallah da azumi a daji, wace waƙa suke yi a fareti, su wane ne abokansa kuma daga waɗanne garuruwa suke. Tambayar abokai tana da amfani biyu, domin takan buɗe zuciyar tsoho, kuma takan fito da sunayen mutanen yankin da suka mutu a can ba a rubuta su a ko'ina ba. A tambaye shi kuma ranar dawowa, wanda ya tarye shi, da abin da ya tarar ya canza. Tambaya ɗaya ce ba a yi ko da wasa, ita ce ta mutum nawa ya kashe. Idan ya kawo maganar da kansa a saurara, idan ya yi shiru a bar shi da shirunsa, idan hawaye ya zo a kashe wayar a ba shi ruwa, kada a ce masa ya daure. Idan shekarar da ya faɗa ta saɓa da ta littafin tarihi, kada a yi masa gyara a gabansa. A rubuta yadda ya faɗa, a yi ɗan bayani a gefe.

Matansu ma a ɗauki nasu labarin, domin macen da ta yi shekara uku tana jiran wasiƙa, ko ta yi zaman bariki a Inugu ko Fatakwal da ƙananan yara, ta san wani ɓangare na yaƙin da mijinta bai sani ba.

A yi hoton lambobin yabonsa gaba da baya, da tsofaffin hotunansa na kaki. Kada a goge lambar yabo da toka ko yashi, ƙyalle mai laushi ya wadatar, kuma a ja kunnen jikoki kada su sayar wa masu yawon sayen tsofaffin kaya. Muryar da aka ɗauka a yi mata kwafi uku: ɗaya na iyali, ɗaya na makarantar gari, ɗaya kuma a miƙa ga inda ake adana tarihi, kamar sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Gidan Arewa a Kaduna. Malamin makaranta ya juya ta zuwa rubutu, da boko ko da ajami. Ba a sa komai a Facebook ko TikTok sai da yardar mai labarin, kuma ko ya yarda, a rufe lambarsa ta soja da duk abin da ya shafi banki.

Ranar taro

Idan an yi waɗancan, taro zai yi ma'ana. Ana iya yin sa ranar 15 ga Janairu, ko ranar Juma'ar da ta fi kusa, tunda a matakin ƙasa ma akan yi addu'o'i na musamman a masallatai da majami'u kafin ranar. A yi shi a ƙofar gidan dagaci ko filin makarantar firamare, da hantsi bayan sanyi ya saki, kuma kada ya wuce awa ɗaya da rabi. A aika babur ko mota ta ɗauko tsofaffin, a ba su kujeru masu majingina a sahun gaba kusa da hakimi, wanda kuma ba zai iya fitowa ba a tura wakilai gidansa bayan an tashi. Wanda yake son sa lambobinsa a kan babbar riga ya sa, wanda ba ya so a ƙyale shi.

Liman ya buɗe da addu'a, ya tunatar da hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Daga nan ɗalibi mai murya ya karanta sunayen da ke cikin littafin ɗaya bayan ɗaya, da unguwar kowa da inda ya yi aiki, a fara da mamata ana nema musu rahama, a zo kan masu rai. Wannan karatu shi ne zuciyar taron, kada a gajarta shi don a ba wani babban baƙo lokacin jawabi. Sai a ba tsoho ɗaya ko biyu dama su yi magana, hakimi ko dagaci ya rufe. Inda akwai Kiristoci a cikin littafin, a ba shugaban majami'arsu dama ya yi tasa addu'ar. Abinci ya zama mai laushi, kamar fura da nono ko tuwo da miyar kuka. Kada a harba bindigar gargajiya sai an tambayi tsofaffin tun kafin ranar.

Abubuwa biyu ne suke iya lalata taron. Na farko siyasa, musamman a shekarar zaɓe da Janairu yake zama tsakiyar kamfe. Ɗan siyasar da ya kawo gudummawa a karɓa a rubuta a gode masa, amma ba a kafa tutar jam'iyya, ba a raba hula mai hoto. Na biyu shi ne mayar da ranar bikin cin nasara a kan wasu. An zaɓi 15 ga Janairu ne domin a ranar aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, maimakon 11 ga Nuwamba da ake yi a da, kuma Janar Yakubu Gowon ya bayyana a lokacin cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Mutane masu ɗimbin yawa sun mutu a wancan yaƙi, akasarinsu fararen hula da yunwa ta kashe, kuma a kasuwanninmu akwai 'yan kabilar Ibo da iyayensu suka ga wannan bala'i. Masu jawabi su kiyaye harshensu. Tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu galibi su ne suka fi kowa ƙin a yi alfahari da shi.

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya

Al'adarmu da addininmu ba su san gunki ko gina kabari ba, kuma ba a buƙatar su. Allo na katako ko na siminti a bangon makaranta ko ofishin hakimi, ɗauke da sunaye da shekaru, ya wadatar. Abin da ya fi shi kuwa sadaka mai gudana ce da sunansu, kamar gyaran rijiya ko famfon burtsatse, ko dasa itatuwan darbejiya a makabarta da harabar makaranta, ko ɗaukar nauyin karatun marayan da soja ya bari.

Iyalan da kakansu ya tafi Bama bai dawo ba suna iya neman sunansa a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. Sunayen sojojin Afirka ta Yamma da yawa suna rubuce a makabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na ƙasar Bama. A nema da sunan soja, a gwada rubutu iri-iri, a haɗa da sunan babban garin yankin, idan kuma akwai lamba a yi amfani da ita, domin ita ce ba ta canzawa.

Matan da sojoji suka mutu suka bari, musamman na yaƙin Arewa maso Gabas, yawancinsu matasa ne masu ƙananan yara, kuma sukan dawo ƙauye bayan sun bar gidan bariki. A taimaka musu su haɗa takardar shaidar mutuwa da ta aure da ta haihuwar yara, a gano wanda mamacin ya rubuta a matsayin magajinsa a takardun soja, domin ta hannunsa hakkokin suke fitowa. Idan kuɗin ya fito aka sami saɓani tsakanin matar da dangin miji, a kai maganar gaban malamai ko alƙali tun kafin ta yi tsami, don kada a cinye rabon marayu.

Ranar da ɗaya daga cikin tsofaffin ya cika, kwamiti ya sanar da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji da abokan aikinsa na garuruwan kusa don su samu jana'iza ko zaman makoki, a rubuta ranar rasuwar a shafinsa, sannan bayan kwana bakwai a zauna da magada a nuna musu yadda za su sanar da hukumar fansho da banki, a kuma karɓi shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kason hatsinsa kada a yanke shi nan take, a ci gaba da kai wa matarsa har ta fita takaba, daga nan kwamiti ya duba halin da take ciki. Littafin kansa a ajiye shi wurin dagaci, kwafinsa wurin shugaban makaranta, kuma kowace kaka idan an zo tara hatsi a buɗe shi a gaban jama'a, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ƙara sunayen 'ya'yan garin da suka yi ritaya a wannan shekara.